Me Ya Sa Rediyon Mota Ke Ƙin Filash Ɗin da Kwamfuta Ke Karantawa Lafiya Lau?

Koken iri ɗaya ne a bakin direbobi da yawa, na haya da na gida. An sayi filash sabo fil, an kai wa mai turi ya cika shi da karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi, an gwada a kwamfutarsa komai yana tashi, amma da aka soka shi a mota sai rediyo ya yi gum. Wani lokaci ya nuna cewa ba a saka masa komai ba, wani lokaci ya yi ta lalube har a isa inda za a je bai gama ba, wani lokaci kuma ya kama amma ya hargitsa surori, ta ƙarshe ta dawo farko. Daga nan sai a shiga rabon laifi. Wannan ya ce filash ɗin jabu ne, wancan ya ce rediyon ya ƙone, mai wayarin kuma ya ce a kawo kuɗi a sa sabo. Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne yawan rediyoyin da ake cirewa alhali lafiyarsu ƙalau, da kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi ke zubarwa a kan matsalar da sau da yawa ba ta wuce aikin 'yan mintuna a gaban kwamfuta ba.

Tushen maganar shi ne shekara. A cikin rediyon mota akwai 'yar ƙaramar kwamfuta, mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda aka ɗora wa manhaja sau ɗaya a masana'anta. Wayar hannunka tana sabunta kanta kusan kowane wata, kwamfuta ma haka, amma rediyon da aka ƙera a 2011 abin da ya sani a 2011 shi ya sani har gobe. Kuma kowa ya san mafi yawan motocin da ke kan titunanmu sun yi shekaru a hannun wani a Amurka ko Turai kafin su sauka a Legas ko Kwatano. Rediyonsu an shirya shi ne domin filash ɗin zamaninsa: mai 2GB ko 8GB, mai tsarin FAT32, cike da MP3. Kai kuma ka kawo masa filash na yau mai 128GB, da tsarin ajiya da bai taɓa jin labarinsa ba, da sautukan da aka kwaso daga WhatsApp. Halin da ake ciki daidai yake da ka miƙa wa dattijon da ajami kaɗai ya iya wasiƙar da aka rubuta da boko. Idonsa garau yake, wasiƙar ma babu kuskure a cikinta, amma ba za ta karantu ba sai an sake rubuta ta da rubutun da ya sani. Saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne mu mayar da filash ɗin baya zuwa shekarar rediyon, tunda ba mu da ikon jawo rediyon zuwa tamu.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne tsarin ajiya. Kowane filash yana da wani jadawali a cikinsa da ke cewa fayil kaza sunansa kaza, ya fara daga nan, ya ƙare a can. Hanyar rubuta wannan jadawalin iri-iri ce, kuma uku ne aka fi cin karo da su. FAT32 ya fito daga Microsoft a 1996, kuma saboda sauƙinsa kusan duk wata na'ura mai ramin USB tana karanta shi. NTFS ya girme shi, tun 1993 yake, amma an yi shi ne domin babban faifan kwamfuta, yana da sarƙaƙiyar da ƙananan na'urori ba sa ɗauka. Sai exFAT, wanda ya zo a 2006 domin manyan katuna da filash. Wannan na ukun shi ne ya fi jefa mutane cikin ruɗani. Shekaru da dama duk kamfanin da ke son na'urarsa ta karanta exFAT sai ya biya Microsoft kuɗin lasisi, kuma sai a 2019 ne kamfanin ya wallafa cikakken bayanin tsarin ga kowa. Masu ƙera rediyo da yawa ba su ga dalilin biyan wannan kuɗin ba a lokacin da filash mai 8GB ya ishi kowa. A ɗaya ɓangaren kuma, tun 2009 aka tsayar da cewa katin memori da ya wuce 32GB da exFAT zai fito, kuma galibin manyan filash sun bi sahu. Sakamakon shi ne mutum ya ƙara kuɗi ya sayi babba don ya more, sai girman nan ya zama dalilin da motarsa ta ƙi shi.

Maganin shi ne a yi masa fomat zuwa FAT32, bayan an kwashe duk abin da ke ciki an ajiye, domin fomat ba ya barin komai. Amma a nan ma akwai wani tarko. Idan filash ɗin ya wuce 32GB, za ka buɗe wurin fomat na Windows ka tarar babu FAT32 a cikin zaɓin, sai NTFS da exFAT. Mutane da yawa daga nan suke yanke hukuncin cewa FAT32 ba ya ɗaukar babban filash. Yana ɗauka, har zuwa 2TB. Iyakar 32GB ɗin Microsoft ce ta sa a manhajarta ta fomat, ta kuma bar ta haka sama da shekara 20, sai a watan Agustan 2024 ta sanar da ɗaga ta a wani samfurin gwaji na Windows 11, shi ma ta hanyar rubuta umarni kawai. Kafin wannan ya isa kwamfutar kowa, akwai ƙananan manhajoji na kyauta, irin su Rufus da guiformat, da ke yin aikin cikin ƙanƙanin lokaci. Iyakar FAT32 ta gaskiya da aka fi cin karo da ita ita ce: fayil ɗaya ba zai kai 4GB ba. Wannan damuwar masu bidiyo ce. A sauti, kafin fayil ɗin MP3 na yau da kullum ya kai 4GB sai ya haura awa 70, don haka mai sauraron karatu ko waƙa ba ruwansa da ita.

Akwai kuma wanda zai rantse maka ya yi FAT32 ɗin amma har yanzu shiru. Gaskiya ya faɗa, sai dai akwai wani hawa a ƙarƙashin tsarin ajiyar, wato yadda aka yanka filash ɗin kashi-kashi. Tsohuwar hanya ita ce MBR, wadda ake amfani da ita tun 1983, sabuwa kuma ita ce GPT. Tsofaffin rediyoyi MBR suka sani, kuma kashin farko kaɗai suke dubawa. Filash ɗin da aka taɓa amfani da shi wajen ɗora wa kwamfuta Windows yakan koma GPT, ko a bar masa wani ɗan ɓoyayyen kashi, kuma fomat na gama-gari ba ya taɓa wannan hawan, saman kawai yake sharewa. Haka abin yake ga filash ɗin da aka yi wa fomat a kwamfutar Mac, ta kamfanin Apple, ba tare da lura ba. A Rufus ana zaɓar cewa ba na tayar da kwamfuta ba ne, a zaɓi MBR, a zaɓi FAT32. A Mac kuma, cikin manhajarta ta fomat mai suna Disk Utility, sai an nuna duka na'urori an zaɓi filash ɗin kansa, sannan a ɗauki MS-DOS (FAT) tare da Master Boot Record, wato MBR. Abu ɗaya nake roƙon duk mai yin wannan aikin: ya duba sau biyu cewa filash ɗin ya zaɓa, domin manhajar ba ta san bambanci tsakaninsa da faifan da ke ɗauke da hotunan iyali ba.

Yana da kyau mutum ya saba karanta abin da fuskar rediyon ta rubuta kafin ya zare filash cikin fushi, don sau da yawa ta riga ta faɗi inda ciwon yake. Rediyoyin Pioneer misali ne mai kyau, tunda suna da yawa a motocin da aka canza wa rediyo. Idan ya rubuta ERROR-23, maganar fomat yake yi, bai ga FAT ba. Idan ya rubuta CHECK USB, maganar wuta ce, ko dai wayoyin wuta sun haɗu ko abin da aka soka yana jan wutar da ta fi ƙarfinsa. Idan kuwa NO AUDIO ya rubuta, to ya shiga filash ɗin lafiya, bai dai samu abin da ya iya kunnawa ba. Sauran kamfanoni ma suna da nasu kalaman, kuma littafin kusan kowace mota yana nan a intanet kyauta ga wanda ya nemi sunanta da shekararta.

Wannan saƙon na ƙarshe shi ya kai mu ga fayilolin kansu, kuma a nan ne yadda muke samun sauti a yau ya saɓa da yadda rediyon ya sani. Yawancin wa'azi da karatu da ke yawo a tsakaninmu ta zaurukan WhatsApp suke zuwa. Saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, nau'in Opus ne. Abin da manhajojin sauke sauti ke kwasowa daga YouTube yawanci M4A ne ko WebM. Abin da tsofaffin wayoyi ke naɗa yakan zama AMR. Waya tana kunna su duka ba tare da ta tambaye ka ba, shi ya sa mutum yake ɗauka duk sauti sauti ne. Tsohon rediyo kuwa MP3 da WMA ya sani, wani ya ƙara da AAC, kuma sai a sababbi ake samun FLAC. Wasu masu turi, ko don rashin sani ko don gaggawa, sai su goge ƙarshen sunan fayil ɗin su rubuta mp3. Wannan bai canza komai ba a cikinsa. Kwamfuta za ta kunna shi saboda ita tana leƙa ciki ta gane ainihinsa, rediyon mota kuma zai yarda da sunan, ya buɗe, ya tarar da abin da bai sani ba, ya tsallake. Dole sai an juya shi da gaske, da manhaja irin VLC ko Audacity, dukansu kyauta ne.

Ko a cikin MP3 ɗin ma akwai hawa-hawa. Wanda kowane rediyo ke karɓa ba gardama shi ne mai 44.1kHz, irin na faifan CD, a kan 128kbps ko 192kbps tsayayye (kbps shi ne ma'aunin yawan bayanan da sauti ke ci a kowane daƙiƙa). Akwai tsofaffin karatuttukan da aka matse ƙwarai don su yi sauƙin turawa a lokacin da data ke da tsada, har aka sauke su zuwa 11kHz ko 8kHz. Waɗannan suna cikin wani ƙarin tsari ne da bai shiga asalin ƙa'idar MP3 ba, don haka ba kowane rediyo ke ɗaukarsu ba. Mai irin wannan taskar ya sake juya ta zuwa 44.1kHz. Sautin ba zai ƙara kyau ba, abin da aka zubar wajen matsewa ya tafi, amma aƙalla zai tashi a mota. Don haka ma babu amfanin mayar da saƙon murya zuwa 320kbps, cika wuri ne kawai. Ga magana zalla, 64kbps zuwa 96kbps ya wadatar.

Sai batun jeri, wanda a ganina ya fi shafarmu fiye da yadda ya shafi wanda waƙa kaɗai yake ji. Waƙa idan ta zo a hargitse ba a rasa komai ba. Amma mai bin tafsirin watan azumi daga rana ta 1 zuwa ta 30, ko mai bitar haddarsa a hanyar zuwa aiki, jeri shi ne rabin amfanin. Rediyoyi kashi biyu ne a nan. Wasu suna jera fayiloli bisa suna, amma harafi-harafi suke dubawa, ba su san cewa 2 ta gabaci 10 ba. Idan aka sa wa surori lamba 1, 2, 3 har 114, to bayan Fatiha sai Suratu Yunus ta biyo, don ita ce ta 10, sannan Adiyat, ta 100, kuma Baƙara ba za ta zo ba sai bayan Suratu Maryam. Gyaran mai sauƙi ne: a cike lambobin da sifili su zama tsawo ɗaya, 001, 002, har 114, kwanakin tafsiri kuma 01 zuwa 30.

Kashi na biyu sun fi wuyar sha'ani, domin su ba ruwansu da suna sam. Suna bin jadawalin FAT ne yadda aka rubuta shi, wato wanda ya fara shiga filash shi zai fara tashi. Kwamfuta tana ɓoye maka wannan, tana nuna maka komai a jere tsaf, alhali a ƙasa ba haka yake ba. Idan ka zaɓi fayiloli 50 ka ja su da linzamin kwamfuta, wanda ka kama ka ja da shi yakan riga sauran shiga. Idan ka goge wani fayil daga tsakiya ka ƙara sabo, sabon yana iya zama a gurbin wanda aka goge. Haka jerin ke lalacewa a hankali duk lokacin da aka kai filash a ƙaro wani abu. Hanya mafi tsabta ita ce a shirya komai a kwamfuta cikin folda da lambobinsa, a yi wa filash fomat, sannan a tura folda bayan folda, ana jiran ɗaya ta gama kafin a sa ta gaba. Wanda ba ya son sake turawa yana iya amfani da manhaja irin FATSort ko DriveSort, waɗanda ke sake jera jadawalin ba tare da sun taɓa sautin ba.

Ƙaramar ƙwaƙwalwar nan kuma tana da iyakar abin da take iya ƙirgawa. A littattafan motoci da na rediyo za ka riƙa cin karo da adadi irin su fayil 255 a folda ɗaya, ko 999 ko 9,999 a filash gaba ɗaya, da folda cikin folda da ba ta wuce hawa 8 ba. Abin da ya haura iyakar ba a yi maka gargaɗi a kansa, ɓacewa kawai yake yi daga jerin. Wanda ya zuba waƙa 600 a wuri ɗaya ya ga 255 kaɗai ke fitowa, ba a cuce shi ba, raba su zai yi gida uku.

Sunaye ma suna da nasu rigimar. Bayan sunan fayil, akwai wani ɗan bayani da ake liƙawa a cikin MP3, mai ɗauke da sunan mai karatu ko mawaƙi da hoton bango, ana kiransa ID3. Na farkonsa, na 1996, harafi 30 kaɗai yake ɗauka a kowane gurbi. Daga baya aka yi 2.3 a 1999 da 2.4 a 2000, kuma har yau 2.3 ne na'urori suka fi jituwa da shi. Babban hoton bango yana iya sa tsohon rediyo ya daɗe yana tunani kafin ya fara, ko ya tsallake waƙar. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da kuma rubutun Larabci, sukan fito a matsayin akwatuna ko alamar tambaya, a wasu rediyoyin ma fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Ina cikin masu son a rubuta Hausa da haruffanta cikakku a ko'ina, kuma abin takaici ne a ce na'urar da muka saya da kuɗinmu ba ta san da su ba. Amma ga kwafin da za a sa a mota, a haƙura a rubuta k da d da b, a gajarta sunan, a bar cikakken rubutun a kwafin da ke kwamfuta. Manhajar Mp3tag tana gyara ɗaruruwan fayiloli a lokaci guda.

Wani abin kuma ba kai ka sa shi ba, kwamfutar da aka soka filash ɗin ce ta bar shi. Mac tana ajiye wa fayiloli wasu 'yan ƙananan abokai masu suna iri ɗaya da nasu, sai dai sun fara da ɗigo da ƙaramin layi. Ita ba ta nuna su, amma rediyo yana ganin sunansu ya ƙare da mp3, sai ya ƙirga su cikin waƙoƙi, ya yi ta ƙoƙarin kunna su yana kasawa. Alamar ita ce adadin waƙoƙi ya ninka, kuma rabinsu ba sa tashi. Umarnin dot_clean a Mac ɗin yana share su. Wanda ya fi wannan yawa a wurinmu shi ne bairos ɗin nan da ake kwasowa a shagunan turi da na buga takardu, inda filash ɗari ke shiga kwamfuta ɗaya a yini. Yana ɓoye foldodin gaskiya ya ajiye gajerun hanyoyi, wato shortcut, masu kama da su. A kwamfuta idan ka danna sai su buɗe, don haka ba ka zargin komai, a mota kuwa sai a ce babu sauti. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. A wanke filash ɗin da manhajar kashe bairos, a fito da ɓoyayyun fayiloli, a kwashe sautin kaɗai, sannan a yi fomat. Kada a danna gajerun hanyoyin nan a kwamfutar gida, don dannawar ce ke yaɗa shi.

Duk wannan bai wanke 'yan jabu ba, suna nan kuma suna da yawa. Dabarar da suke yi ita ce su ɗauki filash mai ƙaramin ciki, su sauya bayanin da yake bai wa kwamfuta, sai ya riƙa cewa shi mai 64GB ne ko 128GB alhali 8GB ne ko ƙasa da haka. Turi zai tafi lafiya, sunaye duka za su bayyana, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinsa ya tafi iska, ko ya hau kan na farko ya lalata shi. Idan ka ga wasu foldodi suna tashi garau, sauran kuma duka suna tsallakewa ko sun koma wasu baƙin haruffa, wannan ne abin zargi na farko. Manhajar H2testw, wadda mujallar kwamfuta ta c't a Jamus ta fitar, tana cika filash ɗin taf sannan ta karanta, ta faɗa maka gaskiyar cikinsa. F3 ma haka take yi a Linux da Mac. Sai dai kada a zalunci ɗan kasuwa mai gaskiya: filash mai 32GB na ainihi zai nuna kusan 29GB a Windows, saboda masu ƙerawa da 1,000 suke lissafi, Windows kuma da 1,024. Wannan ba ha'inci ba ne. Wanda aka ce maka 256GB ne a kan kuɗin mai 16GB, shi ne abin gudu, araha ba ta ado.

Ni dai shawarata ga mai tsohuwar mota ita ce ya daina neman babba. A kan 128kbps, awa ɗaya ta sauti ba ta kai 60MB ba. Ke nan filash mai 8GB yana ɗaukar sama da awa 120, mai 16GB kuma ninkin haka. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas ma zai yi sawu da yawa bai maimaita abu ɗaya ba. Ga shi kuma duk lokacin da aka tayar da mota sai rediyo ya bi filash ɗin ya ƙirga abin da ke ciki, kuma gwargwadon yawan fayiloli gwargwadon daɗewarsa. Ƙanana biyu ko uku, ɗaya na karatu, ɗaya na wa'azi, ɗaya na nishaɗi, sun fi babba ɗaya sauƙin sarrafawa, sun kuma rage latse-latsen neman folda alhali ana kan tuƙi, wanda shi kansa haɗari ne da bai kamata a raina ba.

Ɓangaren wuta gajere ne. Ramin USB 2.0 an tsara shi ya ba da volt 5 da 500mA, kuma tsofaffin rediyoyi da yawa a nan suka tsaya. Filash na yau da kullum wannan ya ishe shi, amma babban faifan waje mai juyawa yana neman fiye da haka wajen tashi, haka ma mahaɗar da ake soka abubuwa da yawa a jikinta. Doguwar igiyar USB mai araha tana zubar da wuta a hanya. USB 3.0, wanda ya fito a 2008 kuma ake gane shi da shuɗin harshe, a ƙa'ida yana aiki a tsohon rami, amma akwai tsofaffin rediyoyin da ke kasa daidaitawa da wasu daga cikinsu, don haka mai baƙin harshe na 2.0 ya fi tabbas, kuma saurinsa ya ninka abin da sauti ke buƙata sau ɗaruruwa. Wasu ramukan kuma, musamman na kujerar baya, na caji ne zalla, ba a haɗa su da rediyo ba. Ita ma wayar Android da aka haɗa da igiya ba lallai rediyo ya gan ta ba, domin tun wajajen 2011 wayoyin suka koma wata hanyar musayar fayil mai suna MTP, suka daina bayyana a matsayin filash.

Yanayinmu ma yana da hannu. Kamfanoni irin Kingston suna rubuta cewa filash ɗinsu na gama-gari yana aiki ne tsakanin digiri 0 da 60, kuma gaban motar da aka rufe aka bari a rana a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, yana iya wuce haka. Ƙurar hunturu tana taruwa a cikin ramin har ƙarfe ya daina taɓa ƙarfe. A kashe mota a share shi a hankali da tsinken sakace ko busasshen buroshi, ba da allura ba. Dogon filash kuma yana rawa a duk ramin da mota ta faɗa, yau da gobe sai ya sassauta bakin ramin, sauti ya riƙa yankewa a kan hanya mai gargada. Gajeren nan da ba ya wuce kan yatsa ya fi dacewa da hanyoyinmu.

Masu motocin da ba su da USB kwata-kwata, da masu adaidaita sahu, sun saba da modileta, wadda ake sokawa a ramin kunna sigari ta karanta filash ta watsa shi a zangon FM. Duk abin da aka faɗa a sama ya hau kanta, har ma ta fi tsanani, don ƙwaƙwalwarta ta fi ta rediyo ƙanƙanta: FAT32, MP3, ƙaramin filash. Ƙarin abin lura shi ne a nemi lambar da babu tasha a kanta ko kusa da ita, abin da ke ƙara wuya a gari mai yawan tashoshi irin Kano. Rediyon motar da ta fito daga Amurka kuma yana tsayawa ne a lambobi masu ƙarewa da mara, irin 87.9 da 88.1 da 88.3, don haka idan aka saita modileta a 88.0 ba za su taɓa haɗuwa daidai ba, sai shuu da ƙara.

Kafin a taɓa sukurun rediyo, akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama. A samu ƙaramin filash mai 4GB ko 8GB wanda aka tabbatar da ingancinsa, a yi masa MBR da FAT32, a sa masa MP3 uku na ainihi masu gajerun sunaye, a fili ba cikin folda ba. A tayar da mota, a jira rediyo ya gama farkawa, sannan a soka, a kuma tabbatar an juya shi zuwa USB, don wasu ba sa komawa da kansu. Idan ya tashi, rediyo ya kuɓuta, sai a koma kan babban filash ɗin a bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ana canza abu guda a kowane gwaji don a san wanne ne ya yi aiki. Idan bai tashi ba, a soka waya a ramin a ga ko tana caji. In babu caji, to yanzu ne zuwa wurin mai wayarin ya zama dole, kuma abin da zai fara dubawa shi ne fis da igiyar da ta taso daga ramin zuwa bayan rediyo. A motocin da aka taɓa canza wa rediyo, sau da yawa ramin asali na jikin mota ba a haɗa shi da sabon ba sam, nasa ramin yana can a bayansa da 'yar igiyarsa a naɗe. Sai a ce wa mai wayarin ya zaro ta ya fito da ita ta cikin akwatin gaban fasinja, a sake gwada ƙaramin filash ɗin a jikinta tun yana tsaye a wurin.